Dole sai da Photoshop ake zama mai hoto? Ina neman shawara dan Allah

Sadiq Kurna:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma abin ya ɗan dame ni shi ya sa zan ja bayanin ku yi haƙuri. Wata uku da suka wuce aka yi bikin 'yar ƙanwar Ummanmu, ni kuma dama tun ina sakandare nake son harkar hoto, sai na ari kyamarar abokina Canon 600D na ɗauki kamu da ɗaurin aure da yini duka. Na kwashe hotunan a waya na gyara da manhajojin da na saba, wlh a waya sun yi kyau sosai, amarya ta ɗora a status kowa na tambayar wa ya ɗauka har mutum biyu suka ce ni zan yi musu nasu. To sai Umma ta ce a wanko ɗaya babba a sa a firem a kai ɗakin amarya, inci 16 da 20. Da na je karɓowa gumi ne ya keto min, fuskar amarya sumul kamar ta 'yar tsana babu alamar fata, leshinta mai ruwan hoda ya koma ja-ja, farar shaddar ango kuma aikin wuyan ya ɓace gaba ɗaya fari fat kamar takarda. Mai wankin ya ce in dai ina son sana'ar nan in ajiye waya in nemi laftof da Photoshop. Tambayata, ga ɗan koyo irina ya dace in zuba kuɗi a manyan manhajojin nan ko na ƙwararru ne kawai? Ɗan abin da na tara kyamara ta hannu nake son in saya da shi, ba zai isa duka biyun ba.

Mubarak Dizain:
Wa alaikumus salam Sadiq. Kafin a je kan manhaja, ta yaya ka kai wa mai wankin hoton? A filashi ko ta waya ka tura?

Sadiq Kurna:
Ta waya na tura masa yaya, kamar yadda ake tura hoto a chat.

Mubarak Dizain:
To rabin matsalar kenan. Kyamarar da ka ara tana ba da hoto mai fiksel 5184 a tsawo 3456 a faɗi. In ka tura hoto ta WhatsApp a yadda aka saba ba a matsayin dokumen ba, matse shi ake yi ya dawo wajen 1600 a tsawo don ya ci data kaɗan. Yanzu raba 1600 gida 20, kowane inci ya samu ɗigo 80 kenan, alhali hoton da za a kalla a kusa ana son 300 a inci, na bango ma a samu ko 150. Ka ga ko da Photoshop ɗin ka gyara, in ka tura ta wannan hanyar haka zai fito. Kullum ka tura a dokumen ko ka kai a filashi.

Oga Nura:
Maganar Mubarak haka take amma bai taɓo shaddar ango ba, kuma a nan ne amsar tambayarka take. Shekarata 14 ina wannan aikin a Kano bari in gaya maka abin da babbar manhaja take saya maka da abin da ba ta saya maka. Kyamara tana iya ajiye hoto iri biyu, JPEG da RAW. Shi JPEG kyamara ce ta riga ta dafa ta zuba maka a kwano, mataki 256 ne kawai tsakanin baƙi da fari a kowace kala, abin da ya wuce nan ta zubar. RAW kuwa ɗanyen cefane ne, a irin wannan kyamarar da ka ara mataki 16,384 ne, shi ya sa in farin kaya ya ɗan ƙone kana iya jawo shi baya aikin wuyan ya dawo, in fuska ta yi duhu ka ɗago ta ba tare da ta farfashe ba. Mu nan ƙasar wannan shi ne yaƙinmu na kullum, baƙar fata cikin farar shadda ko gezna mai ƙyalli a tsakiyar rana. Je ka hawan Daushe ka gani, mahayi ya sha rawani da amawali fuskarsa na cikin inuwa, rigar fara tas rana na dukanta, kayan doki kala-kala ga ƙura ta tashi, kyamara ba za ta iya gamsar da fuskar da rigar a lokaci ɗaya ba dole ɗaya ta sha wuya. Da RAW da manhajar da ta san shi ne kake sulhunta su daga baya. Na biyu kuma yawa. Biki ɗaya ina dawowa da hoto 1,500 ko fiye, a Lightroom, manhajar Adobe ta gyaran hotuna da yawa a tare, in na daidaita kalar ɗaya sai in kwafa wa duk 'yan uwansa da aka ɗauka a haske ɗaya cikin minti guda, a waya ɗaya bayan ɗaya za ka yi ta yi har sati kuma kalar ba za ta zo ɗaya ba, albam ya fito shafi ɗaya amarya ja shafi na gaba rawaya. Na uku, asalin hoton ba ya taɓuwa, bayan shekara biyu kwastoma ta dawo ta ce a rage kaza sai in buɗe in rage. Wannan ukun su nake biya wa kuɗi. Amma iya ɗaukar hoto, wlh babu manhajar da ta taɓa koya min.

Maman Hanan:
Sannunku da ƙoƙari. Ni dai ba mai hoto ba ce, atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa a Instagram da WhatsApp shekara biyar kenan, kuma ban taɓa buɗe Photoshop ba. Snapseed nake amfani da ita kyauta ce ta Google, sai Canva in zan sa farashi da suna. Abin da na koya da wahala shi ne kar in ƙara wa kaya kala, don akwai lokacin da na ƙawata wani leshi ya yi shar a hoto, da aka kai wa matar Gombe ta ce ba shi ta zaɓa ba, na yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa kuma gaskiyarta ce. Yanzu bakin taga nake shimfiɗawa da hantsi in ɗauka, in ɗan daidaita haske shikenan. Don haka ƙanina ka duba ina hoton zai ƙare, in a waya zai tsaya waya ta ishe ka.

Oga Nura:
Hajiya gaskiya ne ga irin aikinki, amma shi yaron nan har an fara ce masa zo ka yi mana namu. Ranar da ka karɓi kuɗin mutum ka tashi daga mai sha'awa, biki kuma ba a maimaita shi.

Habu Beirut:
Ni ban ga abin dogon lissafi ba. Sadiq ka shigo Beirut Road ka sami laftof ta hannu mai RAM 8 ko 16 in da hali, a zuba maka Photoshop da Lightroom da CorelDRAW duka a wajen, kuɗin lemo kawai za ka bayar. Mu faɗa wa juna gaskiya mutum nawa ne a zauren nan suke biyan kuɗin wata? Kowa kirak yake amfani da shi, wato manhajar da aka fasa ba a biya kuɗinta ba.

Zee Kaduna:
Habu dan Allah kar ka ɗora yaron nan a wannan hanyar, ni ta ci ni. A 2022 na sauke wata manhaja mai kirak daga wani shafi, wajen sakawa aka ce sai na kashe antibayiros na kashe, kwana biyu lafiya lau, rana ta uku na kunna laftof duk fayil ɗina sun canza suna babu wanda yake buɗuwa, sai wata takarda a sikirin wai in biya kuɗi a buɗe min. Bikin mutane biyu na ciki ban ba su ba, ɗaya Allah ya taimake ni ban goge memori ba, ɗayan kuwa ya tafi har yau. Na je gidan da kaina na durƙusa gaban mahaifiyar amarya na mayar da kuɗinsu, matar ba ta yi min faɗa ba cewa kawai ta yi hoton kakar amarya na ciki kuma ta rasu bayan bikin da sati uku. Har yanzu in na tuna sai na ji wani abu a ƙirjina. Wanda ya fasa manhaja ya baza ta a intanet ba don Allah ya yi ba, kuma kai da hannunka kake buɗe masa ƙofa.

Habu Beirut:
Allah ya jiƙanta, Anti Zee abin ba daɗi wlh. Amma ki duba ɗaya ɓangaren. Da can ana sayen manhajar nan sau ɗaya ta zama taka, CS6 ta 2012 ita ce ta ƙarshe a haka, daga 2013 Adobe suka koma tsarin biyan wata-wata. Tsarin masu hoto mai Photoshop da Lightroom dala 9.99 ne a wata shekara da shekaru, lokacin da dala take 460 a banki kuɗin bai kai dubu biyar ba, bayan an saki naira a 2023 dala ta haura 1,500 ya zama wajen dubu goma sha biyar, kuma tun farkon 2025 sabon shiga ba ya samun wancan mai arhan sai na dala 19.99. Ga shi a baya an daɗe katin naira ba ya biya a waje. Yaron da ke Kurna yana tara kuɗin kyamara ta hannu ina zai samo wannan duk wata? Ba son banza ba ne, rashi ne.

Malam Auwal:
Habu uzurinka a fili yake kuma babu mai musun tsadar, sai dai tsadar kaya ba ta mayar da shi naka. Mu da muke harkar nan mun fi kowa sanin zafin abin, ka sha rana ka ɗauki hoto wani ya yanke sunanka ya ɗora a shafinsa ko ya buga a kalanda ya sayar, ranar ba ka iya barci. To masu rubuta manhajar ma guminsu ne. Da babu wata mafita da sai a zauna a tattauna lalura, amma akwai na halak kyauta, in akwai ruwa ai taimama ba ta yi.

Ila Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Kano. Nan wajenmu ma haka abin yake, dala goma wajen jikka shidda ce ta sefa, ga kuran, wato wutar lantarki, da ke ɗaukewa ga intanet da tsada. Ni mi na yi, ordinata tsohuwa gare ni sai na sa GIMP da darktable, duka kyauta ne kuma ba su neman intanet in ka riga ka sa su. Shekara ukku ke nan da su nike hotunan suna da na makaranta da fasfo, ba wanda ya taɓa tambayata da wace manhaja na yi. Wahalarsu guda, masu koyarwa a YouTube kusan duka Photoshop suka sani, in ka maƙale sai ka yi ta nema.

Mubarak Dizain:
Ila ya kawo magana mai kyau, bari in ƙara a kai tunda ni na gwada kusan duka. GIMP tun 1995 wasu ɗalibai biyu a jami'ar Berkeley ta Amurka suka fara ta, kuma a Maris 2025 aka fitar da 3.0 wadda yanzu kana iya sa gyara ka dawo ka canza shi daga baya, da can wannan ne babban raunin ta. Ita kaɗai ba ta buɗe RAW shi ya sa ake haɗa ta da darktable ko RawTherapee. Akwai Photopea da ake buɗewa a burawza ba sai ka sauke komai ba, fuskarta kusan irin ta Photoshop ce kuma tana buɗe PSD, wato fayil ɗin Photoshop, da leyoyinsa, wato hawa-hawan gyaran da ke cikinsa, ni in ina tafiya kwastoma ya matsa da ita nake fita kunya. Sai babban labarin da mutane da yawa ba su ji ba, Affinity wadda da sayenta ake yi, Canva sun sayi kamfanin a 2024 kuma tun ƙarshen Oktoba 2025 suka mayar da ita kyauta, rajista kawai za ka yi, tana gyara RAW tana da leya da mas na gyara sashe ɗaya na hoto, tana aiki da CMYK, tsarin kalar masu ɗab'i. Sannan Sadiq tunda Canon ce a hannunka, su kansu suna ba da tasu manhajar ta RAW kyauta Digital Photo Professional, masu Nikon kuma NX Studio. Ka ga maganar ko Photoshop ko kirak ta daɗe da wucewa. Inda har yanzu Photoshop ta yi gaba shi ne in kana aiki da wasu, kamfani zai turo maka PSD mai leya hamsin ya ce ka mayar masa a haka, da kuma kayan AI ɗinta na cire abu da cike gurbi, da yawan masu koyarwa kamar yadda Ila ya faɗa.

Habu Beirut:
Wannan ta Affinity ban sani ba gsky. Zan sauke in gani yau da daddare.

Yusuf 08:
Dan Allah laftof mai RAM 4 za ta ɗauka? ita ce da ni

Mubarak Dizain:
Photoshop ta yanzu 8 ce mafi ƙaranci kuma 16 suke ba da shawara, da 4 za ka sha jira. Ka ƙara RAM in tana karɓa, ka sa mata SSD, ma'ajiyar fayil mai sauri, bambancin zai ba ka mamaki.

Baba Ɗanjuma Zariya:
Yarana na ce jikana ya rubuta min tunda idona ya yi rauni a ƙananan rubutun nan. Na fara hoto a 1978 a Sabon Garin Zariya ina yaron shago. Wannan abin da kuke kira doj da ban a kwamfuta, mu da hannu muke yi a ɗakin duhu. Haske na saukowa daga inlaja, na'urar da ke haska nagetif, kan takarda, inda kake son ya yi haske sai ka tare da tafin hannu ko ɗan kwali a bakin siririyar wayar ƙarfe kana kaɗawa, inda kake son ya yi duhu ka huda kwali ka bar hasken ya daɗe a wurin. Ƙurajen fuska kuma da fensir mai tsini muke bi a kan nagetif. Sunan ma daga wajenmu masu kwamfuta suka ɗauka. Saboda haka ni ban taɓa cewa gyara laifi ba ne, tun fil azal ana yi. Amma fim ɗaya hoto 36 ne kuma kuɗi ne, ba ka danna sai ka kalli inda rana take. Maigidana shekara guda cur bai bar ni na taɓa kyamara ba, madubi da farin kwali nake riƙewa ina juya haske inda ya ce. Kai Sadiq da ka ja ango ka kai shi inuwar zaure ko gindin darbejiya ka juya fuskarsa wajen haske, da shaddar ba ta ƙone ba kuma ba ka buƙaci kowa ya ceto ta ba. Ka sayi kyamararka ɗana. Manhaja tana nan tana jiranka, ido shi ne yake ɗaukar shekaru.

Oga Nura:
Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya ƙara lafiya. Maganarku ba ta da gyara. Abin da kawai zan roƙa a ƙara, ku lokacinku kuna da iko da mutum ku ce tsaya nan juya can, yanzu a wajen dina fitilar DJ shuɗiya da ja da kore ke yawo a fuskar amarya, ana liƙi ana turereniya babu mai tsaya maka, wani hoton in ba RAW da manhaja mai ƙarfi ba sai dai a zubar.

Baba Ɗanjuma Zariya:
Haka ne Nura, zamani riga ne. Ban ce kar ya koya ba, jeri nake magana, wanne ne gaba wanne ne baya.

Zee Kaduna:
Ni akwai abin da yake ci min rai a maganar Sadiq da ba a tsaya a kai ba, fuskar amarya da ta zama kamar 'yar tsana. Wannan ba matsalar waya kaɗai ba ce, masu Photoshop ɗin ma sun fi yin ta'adi don su kayan aikinsu ya fi kaifi. Ku buɗe Instagram ku kalli hotunan bikin Arewa, yarinya baƙa kyakkyawa mai fata kamar ta sha man kaɗe, a hoto ta koma fara sol, hanci an ja shi, wuya an goge layinsa, hannu da fuska kala biyu, har lallen da aka ɓata awa huɗu ana zanawa ya dushe. Shekara ashirin nan gaba 'ya'yanta za su buɗe albam su ga wata mata da ba su sani ba. Kuma abin yana da tushe, tun shekarun 1950 katin da Kodak ke raba wa masu wanki don daidaita kala hoton farar mace ne a jiki, da fatarta ake auna komai, yanzu ma yawancin firiset, wato shiryayyen gyaran kala, da yaranmu ke saukewa a kan fatar Turawa aka gina su, ka ɗora wa 'yar Katsina ta koma ruwan toka ko lemo. Amfanin babbar manhaja a wajena shi ne ta ba ni dama in cire ƙurjin da ya fito mata ranar biki in bar mata ramukan fatarta da kalarta, abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu nake cirewa, abin da aka haife ta da shi ba na taɓawa. Manhajar waya mai danna sau ɗaya ba ta san wannan bambancin ba, shafe komai take yi.

Oga Nura:
Zee ina tare da ke a zuci amma mu faɗi yadda kasuwa take. Ni an sha dawo min da aiki ana cewa Oga ba ka yi editin ba, ka ƙara min haske. In na ƙi gobe ta tafi wajen na gaba da ni kuma ta gaya wa ƙawayenta hotona ba ya fitar da mutum. Ina da yara shida a shago da haya.

Zee Kaduna:
Na sani Oga, ni ma an min. Abin da nake yi yanzu tun ranar da za a ba ni kafin alƙalami nake nuna aikina in ce ga irin gyaran da nake yi, in fari kike so ba ni ba ce. Na rasa wasu, amma waɗanda suka tsaya su suke kawo min 'yan uwansu, kuma iyaye mata sun fi kowa jin daɗi don su 'yarsu suke son gani a bango. Kuma sau da yawa in ta ce ƙara haske ba fari take nufi ba, hoton ne ya yi dum, in ka ɗago idon da haƙoran da gwal ɗin ka raba ta da bango sai ta ce yawwa.

Malam Auwal:
Akwai wurin da abin ya wuce ado ma. Hoton da ake tura wa mai neman aure, ko na kayan sayarwa kamar yadda Maman Hanan ta faɗa, in aka canza kamanni har mutum ya yanke shawara a kan abin da babu shi, wannan algus ne, kuma hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mai gyaran yana da kaso a ciki tunda da hannunsa aka yi.

Bashir Jos:
Ni ɗan jarida ne bari in sa baki kaɗan. A aikinmu manhajar ɗaya ce amma dokar daban, an yarda ka daidaita haske da kala ka yanke gefe, amma ƙara abu ko cire abu ko da leda ce a ƙasa na iya raba ka da aikinka. A gasar World Press Photo ta 2015 kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen dab da ƙarshe an fitar da su saboda gyaran da ya wuce iyaka, kuma RAW ɗin aka ce su kawo aka gwada. A Maris 2024 ma manyan kamfanonin dillancin labarai irin su AP da Reuters da AFP sun janye hoton gimbiya Kate ta Ingila da 'ya'yanta bayan sun ga alamun an taɓa shi. Shi ya sa nake ce wa yara ku riƙa ajiye RAW, ranar da aka ce hotonka ƙarya ne ko wani ya ce nasa ne, shi ne shaidarka. Yanzu da AI ke iya cika fili da mutanen da ba su zo taro ba abin ya ƙara zama dole.

Mubarak Dizain:
Saura maganar leshin da ya koma ja. Sikirin waya haske yake fitarwa kuma yawancinsu an ƙara musu kala tun daga kamfani don su burge, takarda kuwa tawada ce, ba duk kalar da ka gani a waya take iya fitarwa ba. Masu wankin hoto galibi tsarin kala na sRGB suke so, masu buga katin biki da kalanda da fosta kuma CMYK, shi ya sa za ka ga kusan duk masu ɗab'i a ƙasar nan CorelDRAW ce a gabansu. Ka tambayi mai wankinka wanne yake so, kuma kafin ka biya na babban firem ka sa a wanko maka ƙarami 5 da 7 ka duba a hasken rana tukuna.

Sadiq Kurna:
Jama'a na gode Allah ya saka da alheri, tun jiya nake karantawa ina maimaitawa. Na je wajen abokina da safe Allah ya sa bai goge memorin ba. A JPEG kaɗai kyamarar take babu RAW, amma manyan na asali suna nan. Na buɗe hoton a Photopea a kwamfutar wani shago, ban taɓa fuskar ba sai ɗan tabo ɗaya a goshi, na rage ja kaɗan, na kai a filashi aka wanko 5 da 7 kamar yadda yaya Mubarak ya ce. Fuskar ta dawo tata, leshin ma ya dawo ruwan hoda, Umma na gani ta ce yanzu na ga 'yata. Shaddar ango ce dai na ja na ja babu abin da ya dawo sai toka-toka, na haƙura na bar ta fara. Na yanke shawara kyamarar zan fara saya, laftof ɗin yayata zan riƙa ara da daddare in sa Affinity da ta Canon ɗin. Amma akwai sunan da aka ce in ɗauka ranar Lahadi mai zuwa kuma tsoro nake ji wlh.

Oga Nura:
Ka shiga menu ka mayar da ita RAW da JPEG tare tun yau kar ka bari sai ranar, ka nemi memori na biyu don RAW na cin wuri. In ka ɗauka ka duba hoton tare da histogiram, wato jadawalin hasken hoton, inda fari ya ƙone zai riƙa ƙiftawa, in ka ga rigar maijego ko ta angon ƙarni tana ƙiftawa ka rage haske ka sake. Ranar Asabar ina da kamu a Gwale bayan la'asar, yarona ɗaya ya yi tafiya, in kana so ka zo ka riƙe min fitila ka ga yadda ake yi, in mun dawo shago ka zauna kusa da ni mu gyara guda ashirin tare. Ka yi min magana ta inbos.

Baba Ɗanjuma Zariya:
Ka je ɗana. Ka tafi da farin kwali.

Sadiq Kurna:
In sha Allahu Baba. Oga na turo saƙon, ƙarfe nawa zan iso shagon?